Abubakar nawa ne a tarihinmu? Tambayar wani malamin makaranta a Zariya

Malamin Hausa, Tudun Wada

Assalamu alaikum, dattawa da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni malami ne a wata makarantar sakandare da ke nan Tudun Wada, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Hausa. Abin da ya kawo ni gabanku ya faru ne a makon jiya, ina zaune bayan sallar isha'i da tulin takardun jarrabawar 'yan aji biyar, ina dubawa da fitilar waya saboda an ɗauke wuta. Tambaya ta uku ta nemi ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen tarihin Abubakar Imam. Wani yaro, wanda ba daƙiƙi ba ne, hasali ma yana cikin waɗanda nake alfahari da su, ya ɗauko zancen da kyau: ya ce marubuci ne, ya ce shi ya rubuta Magana Jari Ce, ya ce a Zariya ya zauna. Daga nan sai ya ci gaba da cewa bayan ya gama rubuce-rubuce aka naɗa shi Firayim Ministan Nijeriya, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, sa'an nan sojoji suka kashe shi a 1966. A cikin layi tara yaron ya haɗa mutum uku, Imam da Tafawa Ɓalewa da Malam Gumi, ya dama su a ƙwarya ɗaya.

Na yi dariya a daren, amma da gari ya waye na karanta wa ajin amsar ba tare da na ambaci mai ita ba, sai na ga kusan rabinsu ba su ga abin dariya a ciki ba, domin su ma abin da za su rubuta ke nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a cikin yara hamsin da takwas da ke rajistar ajin, bakwai Abubakar ne, kuma ba a taɓa rikita su ba, saboda 'yan ajin da kansu sun ba kowa wutsiyarsa: akwai Dogo, akwai Ƙarami, akwai na Gyallesu, akwai Ladan saboda shi ke kiran salla a masallacin makaranta. Yaran da suka iya rarrabe Abubakar bakwai a ɗaki ɗaya sun kasa rarrabe uku a tarihi.

Saboda haka roƙona iri biyu ne. Ina so ku taimaka mini da fitattun mutanen da suka amsa wannan suna a fannoni dabam-dabam, ba 'yan siyasa kaɗai ba, tare da abin da ya bambanta kowa da takwaransa, domin in shirya darasi guda a kai. Kuma ina so masana su warware mini ko ya dace in sa masu suna Garba da Habu da Buba a cikin lissafin, domin wani abokin aikina ya ce yin haka zai ƙara dagula wa yaran kai ne kawai.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Doka

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin in ba ka sunaye, ina so in yi wa yaron nan lauya, domin kuskurensa yana da tushe, kuma malamin da ya gane tushen kuskure ya gama rabin gyaransa.

Imam da Tafawa Ɓalewa sun yi tarayya a abubuwa da yawa fiye da suna. An haifi Imam a Kagara a 1911, aka haifi Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a 1912, kuma sun yi zamani ɗaya a Kwalejin Katsina, wadda daga baya aka mayar da ita Kaduna, sa'an nan ta dawo nan Zariya, ita ce Barewa ta yau. Dukansu malaman makaranta suka fara zama. Da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, dukansu sun shiga, kuma a cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Imam, akwai Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Ka ga ke nan, yaron da ya ji cewa wani marubucin Hausa mai suna Abubakar ya zama Firayim Minista bai ji ƙarya ba, ya dai ɗora rawanin a kan da ba nasa ba ne. Hanyoyinsu sun rabu ne bayan gasar. An ɗauko Imam zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairun 1939, kuma a garin nan ya rasu a 1981. Shi kuwa ɗaya ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, ya dawo ya shiga majalisa, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Idan kana son yaran su riƙe bambancin, ka sa su fito da takardar naira biyar su dubi fuskar da ke kanta, sa'an nan ka tuna musu cewa unguwar Gaskiya da suke wucewa kullum ta samo sunanta ne daga kamfanin ɗab'in da ɗaya Abubakar ɗin ya yi wa aiki.

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Daga 1962 zuwa farkon 1966, Firayim Ministan Nijeriya Abubakar ne, Sarkin Musulmi Abubakar ne, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa shi ma Abubakar ne. Mulki da sarauta da shari'a duk suna hannun takwarori uku a lokaci guda, kuma ban taɓa jin iyayenmu sun rikice a kan wanda ake nufi ba, domin ba wanda ake kira da sunan tsirara. Sarkin Musulmi, wanda ya yi shekara hamsin a kan gadon sarauta daga 1938 zuwa 1988, ana ce masa Abubakar na Uku, saboda biyu sun riga shi, na farkonsu shi ne Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ya gaji Muhammadu Bello a 1837. Alƙalin Alƙalan kuwa, wato Malam Abubakar Gumi, sunan garinsu Gummi ya bi shi, har ya kai ga idan ka ce Gumi a Kaduna ba wanda zai tuna da gari, sai dai mai tafsiri a masallacin Sultan Bello, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Haka Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983 a jam'iyyar PRP, ƙauyensu na ƙasar Sumaila ne ya zama sunansa. A nan zan ɗan ratse in ce wannan ɗabi'a ta liƙa wa mutum sunan garinsu ta yi ƙarfi ne a makarantun kwana na zamanin Turawa, inda ake tara yara daga larduna dabam-dabam, malami ya tarar da Abubakar huɗu a aji, dole ya raba su da garuruwansu. Abin da 'yan ajinka suka yi da na Gyallesu, shi aka yi wa kakanninsu.

Amma Abubakar ɗin da nake so ka fara da shi, tunda yaranka Zage-zagi ne, ba ya cikin waɗannan. Da Malam Musa ya zo da tutar jihadi a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita daga birni ya yi kudu da jama'arsa, ya zauna a wajen Zuba, har aka kashe shi a yaƙi a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, kuma shi ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ci sunansa. Wanda ya gaje shi a 1851 shi ma Abu ne, Abu Kwaka, da ake yi wa laƙabi da Dogon Sarki, ka ga an raba ɗaya da launi, an raba ɗaya da tsawo. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma aka mayar da shi Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau da ke kan gado a lokacin, kuma har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja. Saboda haka duk ɗan jaridar da ya ambaci babban birnin Nijeriya, ko a Faransa yake ko a Amurka, sunan wani Abubakar ɗan gidan sarautar Zazzau yake kira bai sani ba. Na koyar da wannan shekaru masu yawa, kuma ban taɓa ganin ajin da bai yi tsit ba idan na kai wannan gaɓa.

A ganina suna linzami ne, kuma wannan suna ya ja masu shi zuwa ga gaskiya da riƙon amana fiye da yawancin sunaye. Allah ya taimake ka da yaran.

Hajiya Uwargida, Samaru

Sallama gare ku. Baba Hedimasta ya yi bayanin sarakuna da shugabanni, Allah ya ƙara girma. Ni zan tsaya a kan tambayar Malam ta biyu, domin a cikin gida ake ƙera waɗannan sunaye, kuma mu mata ne maƙeransu.

Abokin aikin Malam bai yi daidai ba. Garba da Habu da Abu duk Abubakar ne, haka Buba a bakin Fulani, haka Bukar a bakin Barebari, haka Bakare a ƙasar Yarbawa. Idan aka cire su daga darasin, yaran za su fita da zaton cewa sunan ya tsaya ga waɗanda aka rubuta musu shi cikakke a takarda, alhali mafi yawan waɗanda aka raɗa wa shi ran suna ba a taɓa kiransu da shi ba sai a wurin ɗaurin aurensu. Abin da ya kamata Malam ya fara gaya musu shi ne, asalin mai sunan ma ba sunansa na yanka ba ne. Sahabin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya raka shi hijira suka ɓuya tare a kogon Saur, ya kuma zama halifa na farko daga 632 zuwa 634 na Miladiyya, sunansa Abdullahi, mahaifinsa Usman wanda aka fi sani da Abu Ƙuhafa. Abubakar alkunyarsa ce. Yana kuma da laƙabi biyu, Siddiƙu da Atiƙu, kuma daga nan muka samo Sadiq da Siddiku da Atiku. Mu muka ɗauki alkunya muka mayar da ita sunan yanka, sa'an nan muka sake ƙera mata wasu alkunyoyin, domin bakinmu yana jin nauyin faɗarta.

Bari in ba da misali da ɗakina. Surukina, Allah ya jiƙansa, Abubakar ne, kuma da na haifi ɗana na fari aka mayar masa da sunan kakansa. Kunya biyu ta haɗu mini a kan yaro ɗaya, ta ɗan fari da ta suruki. Yau yaron yana da 'ya'ya uku, kuma ban taɓa buɗe baki na kira sunan nan ba. Ni Baba nake ce masa, kakarsa tana raye Maigida take ce masa tana tsokanarsa, ubansa ya ce Garba, abokan makarantarsa suka ce Sadiq. Na tuna ranar da na kai shi asibiti yana ɗan shekara huɗu da zazzaɓi, mai rubuta kati ta tambaye ni sunansa, na tsaya ina murza bakin gyalena, har sai da wata tsohuwa da ke bayana a layi ta gane, ta sunkuyo ta tambayi yaron da kansa, ya faɗa da ƙaramar muryarsa, aka rubuta. 'Yan matan yanzu suna jin wannan su yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba, ko da yake na yarda cewa al'adar tana ja da baya.

Ba wannan suna kaɗai ke da irin wannan rigar ba. Usman ya zama Shehu saboda girmama Mujaddadi, Umaru ya zama Sanda ko Faruku, Aliyu ya zama Haidar ko Gadanga, Yusufu ya zama Maitama. Wani abin da ke ƙara yawan Abubakar kuma shi ne, a gidaje da dama idan aka sa wa ɗan fari sunan Annabi, sai a bi jerin halifofi huɗu ga ƙannensa, kuma Abubakar ne a gaban jerin. Gidan da bai samu maza biyar ba yana iya rasa Aliyu, amma da wuya ya rasa Abubakar.

Idan Malam ya buɗe wannan ƙofa, zai ga lissafinsa ya tsallake ƙasar Hausa. Shehun Borno da Turawan Ingila suka yi aiki da shi daga 1902, Abubakar Garbai ne, wanda Barebari ke ce wa Bukar Garbai, kuma Shehun da aka naɗa a 2009 shi ma Abubakar ne. Buba Marwa ya yi gwamnan soja a Legas daga 1996 zuwa 1999, har keke mai ƙafa uku ya ci sunansa a can. Bukar Abba Ibrahim ya mulki Yobe. A Mali an yi Shugaba Ibrahim Boubacar Keita daga 2013 zuwa 2020, wanda rubutun Faransanci ne kawai ya sauya wa sunan kama.

Ɗalibin Lissafi, Sabon Gari

Ina gaida iyayena, Baba Hedimasta da Hajiya, ina kuma neman afuwa idan na saɓa wa Baba a wuri ɗaya. Ni ma ina cikin masu sunan, saboda haka maganar ta shafe ni.

Malam ya ce ba 'yan siyasa kaɗai yake so ba, kuma ina ganin nan ne darasin zai kama yaran. A fagen ilimi akwai Farfesa Iya Abubakar, ɗan ƙasar Adamawa, masanin lissafi wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, ya yi minista a gwamnatin Shagari, ya kuma yi sanata daga 1999 zuwa 2007. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar a Samaru sunansa take ɗauke da shi, kuma na san ɗalibai da yawa da suka yi shekara huɗu suna cewa za su je Iya Abubakar ba tare da sun taɓa tambayar ko wane ne ba. A adabin zamani akwai Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, wanda littafin da ya rubuta da Ingilishi ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, mai dala dubu 100. A ƙwallo, idan aka bi ƙa'idar Hajiya, akwai Garba Lawal ɗan Kaduna, wanda yana cikin tawagar da ta ciwo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ya kuma buga gasar cin kofin duniya ta 1998 da ta 2002. Wanda yaran Malam za su fi sani kuwa shi ne Vincent Aboubakar na Kamaru, haifaffen Garwa, wanda ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a kan Masar a 2017, sa'an nan a Ƙatar a 2022 ya zura wa Brazil ƙwallo ana dab da tashi, ya tuɓe riga don murna, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi na biyu ya kore shi. Na kalli wasan a wani gidan kallo da ke bayan kasuwar Sabon Gari, kuma na tuna wani dattijo mai shayi da ya leƙo yana tambayar ko yaron ɗan wace unguwa ne.

Akwai wani rarrabewa da nake ganin wajibi ne Malam ya yi, wato tsakanin wanda sunan nasa ne da wanda sunan na mahaifinsa ne. Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya karɓi mulki a watan Yunin 1998 ya miƙa shi ga farar hula ran 29 ga Mayun 1999, ba takwarana ba ne, ɗan takwarana ne. Haka Sarkin Musulmi na yanzu, Muhammadu Sa'ad Abubakar, ɗa ne ga Abubakar na Uku da Baba ya ambata. Atiku Abubakar, mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007, wanda ya yi karatun difloma ta shari'a a nan Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, lamarinsa ya fi ban sha'awa, domin bisa bayanin Hajiya duka ɓangarori biyu na sunansa mutum ɗaya suke komawa. Jaridun Turanci ba sa yin wannan rarrabewa, sukan rubuta Mista Abubakar ga duk wanda sunan ya zo masa a ƙarshe, kuma a tsakanin 2015 da 2019, lokacin da gwamnonin Bauchi da Jigawa da Kebbi da Neja duk suke da Abubakar a cikin sunayensu, biyu a gaba biyu a baya, mai karatu sai ya kai sakin layi na biyu kafin ya san jihar da ake magana.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tsarin da Baba ya kwatanta, na launi da tsawo da gari da sarauta, yana aiki ne a baki, amma fom ɗin zamani gurbi uku kawai yake da shi, kuma kwamfuta ba ta san alkunya ba. Takardar firamarena Habu aka rubuta, domin yayata ce ta kai ni, ta faɗi abin da ake kirana a gida. Ta sakandare Abubakar ce. Da na je buɗe asusu a wani banki na rubuta Sadiq, saboda shi na saba ji. Ranar da aka ce sai takardun sun dace da juna kafin a biya ni wani tallafin karatu, sai da na yi mako uku ina zirga-zirga, na yi takardar rantsuwa a kotu, na biya aka buga sanarwa a jarida, duk don in tabbatar wa na'ura abin da kowace tsohuwa a unguwarmu ta sani, cewa mutum uku nan ni kaɗai ne. Yaron Malam ya mayar da mutum uku ɗaya, ni kuwa takarda ta raba ni uku. Ina roƙon Malam ya ƙara wannan gargaɗi a darasin, tunda 'yan aji biyar ne, baɗi za su cike fom ɗin jarrabawar fita.

Inda na saɓa wa Baba shi ne maganar linzami. Da girmamawa nake cewa idan za a lissafa, a lissafa duka. Abubakar Shekau, wanda ya jagoranci Boko Haram fiye da shekara goma har mutuwarsa a 2021, shi ma wannan sunan aka raɗa masa, an yanka masa rago kamar kowa, kuma wutsiyar sunansa ma ta bi ƙa'idar da Baba ya faɗa, domin Shekau ƙauye ne a Jihar Yobe. Sunan da miliyoyin mutane ke amsawa dole a samu kowane irin hali a cikinsu, kuma idan muka zaɓi nagartattun kaɗai muka ce sunan ne ya ja su, mun ƙirga abin da muke so ne muka rufe ido ga saura. Ina tsoron kada yaran nan bakwai su fita daga ajin suna jin cewa sun gaji wani abu da ba su yi wa aiki ba.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Doka

Yaro, ka yi magana, kuma ban ji haushi ba. Abin da iyayenmu ke nufi da linzami fata ne da addu'a, wato uba yana sa wa ɗansa sunan wanda yake so ya yi koyi da shi, kuma doki yakan ƙwace ko da linzamin a bakinsa. Amma na karɓi gyaranka a kan yadda na faɗe ta. Abin da ban yafe mana ba, ni da kai da Hajiya, shi ne mun je Mali da Kamaru mun bar na cikin gida. Alhaji Abubakar Ladan, sha'irin nan na birnin Zariya, wanda waƙarsa ta haɗa kan al'ummar Afirka ta daɗe ana sa ta a gidajen rediyo ana kuma nazarinta a makarantu, ai a darasin Hausa shi ya fi cancanta ya zauna kusa da Imam, ɗaya a zube ɗaya a waƙa. A gidan Mallawa ma an yi Sarkin Zazzau Abubakar ɗan Malam Musa, wato ɗan wanda ya fitar da su Abu Ja daga birni. Kuma Kanar Abubakar Dangiwa Umar ya yi gwamnan wannan jiha tamu daga 1985 zuwa 1988.

Malamin Hausa, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da ƙanena. Na sauya shawara a kan yadda zan yi darasin. Maimakon in rubuta musu jerin sunaye a allo su kwafa, na raba ajin gida bakwai, kowane gida na ba shi ɗaya daga cikin Abubakar ɗinmu ya jagorance shi, kuma kowane gida zai binciko takwara ɗaya, ya zo ya gaya mana shekarun da ya rayu, aikin da ya yi, da kuma inda wutsiyar sunansa ta samo asali. Ladan na ajinmu ya ɗauki Abubakar Ladan ba tare da gardama ba. Dogo ya nemi Abu Kwaka da na gaya masa laƙabinsa, amma na haɗa masa da Abu Ja domin labarin ɗaya ba ya fita sai da ɗayan. Gida uku suka yi ta jayayya a kan ɗan ƙwallon Kamaru, har sai da aka yi ƙuri'a da guntayen alli. Maganar Shekau ban ba kowane gida ba, ni zan yi ta da kaina a ƙarshe, tare da maganar fom, kuma na ce kowa ya zo da takardar haihuwarsa da ta firamare ranar Litinin mu gwada su.

Yaron da ya jawo wannan duka na ba shi maki huɗu cikin goma, na layukan farko da ya rubuta daidai, kuma na sa shi a gidan da zai yi Tafawa Ɓalewa. Jiya ya tare ni a bakin ofishin malamai yana tambaya ko akwai inda zai samu aron Shaihu Umar, domin kwafin da ke ɗakin karatunmu shafukan farko sun ɓalle. Idan akwai mai shi a cikinku a nan Zariya, zan aiko a karɓa, kuma ni ne lamunin dawowarsa.